Hoton Rumbu da Sabar Ko-ta-kwana: Nazari a kan Bayanan da Ke Tsira daga Gobara, Kuskure da Kutse

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dabarar da cibiyoyin kwamfuta da dama ke dogara da ita wajen kare bayanai, wato a ɗauki hoton rumbun ajiya cikin ƙiftawar ido, sannan a kwashe hoton zuwa wata saba ta dabam. An bi yadda dabarar ke aiki a tsarin LVM da ZFS da Btrfs, aka auna ta da haɗurra 6 da suka auku tsakanin 2014 da 2024, waɗanda kamfanonin da abin ya shafa ko 'yan jarida masu bin diddigi suka bayyana dalla-dalla. Nazarin ya nuna cewa nisan da ke tsakanin sabobi biyu ba ya wadatarwa muddin makulli ɗaya ne ke buɗe su, kuma tsawon lokacin dawo da bayanai shi ne ma'aunin da aka fi yin sakaci da shi.

Gabatarwa

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye ayyukansu, yana ta fama da taskar bayanai ta biyu da ta daina bin sawun ta farko. Dare ya yi, gajiya ta kama shi. Ya yanke shawarar share ta biyun domin ya sake cika ta daga tushe, sai umarnin sharewar ya faɗa kan ta farko, wadda ke ɗauke da aikin jama'a. Ya tsayar da umarnin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan ya ankara, amma kusan gigabayit 300 sun riga sun tafi, abin da ya rage bai wuce 4.5 ba.

A rubuce, kamfanin yana da hanyoyin ko-ta-kwana har 5. Da aka leƙa ma'ajin da ake zaton yana cike da kwafin kullum, sai aka tarar babu komai a ciki. Manhajar da ke yin kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce, taskar kuwa 9.6, don haka aikin ya daɗe yana faɗuwa a ɓoye, saƙonnin imel masu sanar da faɗuwar ma ba sa isa ga kowa. Hotunan faifai na Azure, inda sabobin suke a lokacin, ba a kunna su a kan sabobin taskar ba. Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani hoton LVM da aka ɗauka da hannu kimanin sa'o'i 6 kafin haɗarin, aka kai shi sabar gwaji don wata buƙata ta dabam. Daga can aka dawo da taskar. Abin da aka rubuta cikin waɗancan sa'o'i ya salwanta: ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000, da rajistar sababbin masu amfani kusan 700.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi. Saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana. Rumbu a wannan maƙala yana nufin yankin ajiya da aka yanka daga faifai ɗaya ko daga tarin fayafayai, wanda kwamfuta ke kallo tamkar faifai guda. A cikinsa bayanai suna jere a ƙananan gutsattsari da za a kira tubala. Hoto kuwa shi ne abin da injiniyoyi ke kira sinafshot: kamannin rumbu gaba ɗaya a wata daƙiƙa ƙayyadajjiya, wanda ba ya sauyawa ko da an ci gaba da rubutu a rumbun. Tambayar da maƙalar ke bi ita ce, yaushe ne hoto yake zama ajiyar ko-ta-kwana ta gaskiya?

Yadda ake ɗaukar hoton rumbu

Mai kanti da ke da littafin bashi mai shafi 1,000, idan yana son ya riƙe yadda lissafinsa yake a daren Alhamis, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya rufe kanti ya zauna ya kwafe littafin kaf, ko ya kafa doka cewa daga yanzu duk shafin da za a gyara sai an fara kwafe shi yadda yake an ajiye a gefe. A hanya ta biyu ciniki bai tsaya ba, kuma idan shafi 10 kawai aka taɓa ranar Juma'a, shafi 10 aka kwafa. Wanda ya haɗa waɗannan da sauran 990 da ba a taɓa ba, ya ga littafin daren Alhamis. Wannan ita ce dabarar kwafi kafin gyara, kuma a kanta aka gina mafi yawan hotunan rumbu.

Dabarar ta kwana biyu. Tsarin Plan 9 na ɗakin binciken Bell Labs a Amurka ya kasance yana ɗaukar hoton dukan fayilolinsa kullum da ƙarfe 5 na asuba, ya adana a faifan da ba a iya gogewa. A 1994 Dave Hitz da James Lau da Michael Malcolm suka wallafa bayanin tsarin WAFL na kamfanin NetApp, wanda ya shigar da hoto cikin kasuwar na'urorin ajiya. Microsoft ya saka nasa salon mai suna VSS a Windows XP da Windows Server 2003, Amazon kuma ya fara ba da rumbunan EBS masu hoto a 2008.

A tsohon salon LVM, wanda Heinz Mauelshagen ya fara rubuta wa Linux a 1998, ana ware wa hoto fili na musamman. Duk lokacin da za a taɓa wani tubali karon farko, sai an karanta tsohon, an rubuta shi a filin hoton, sannan a rubuta sabon a gurbinsa. Rubutu ɗaya ya zama aiki uku ke nan. Idan hotuna huɗu ne a raye, kowanne sai an yi masa nasa kwafin, shi ya sa saba ke yin nauyi in an bar hotuna sun taru. Abin da ya fi wannan muni shi ne, idan filin ya cika, hoton ya mutu ɗungurungum, ba a iya karanta komai daga cikinsa. Sabon salon da ya shigo Linux a 2012, inda rumbuna da hotunansu ke ɗibar fili daga tafki ɗaya, ya rage nauyin, amma ya zo da nasa haɗarin: in tafkin ya ƙafe, duk rumbunan da ke sha daga gare shi za su tsaya tare.

ZFS, wanda Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara ginawa a kamfanin Sun Microsystems a 2001 aka fitar da shi a 2005, ya bi wata hanyar. Ba ya yin rubutu a kan tubalin da ake amfani da shi. Kowane gyara sabon wuri ake nema masa, sannan a sauya taswirar da ke nuna inda tubala suke. Ɗaukar hoto a nan bai wuce a ce kada a saki tubalan da taswirar yanzu ke nunawa ba, don haka ba ya cin lokaci, ba ya cin fili da farko, kuma ana iya riƙe ɗaruruwan hotuna. Btrfs, da Chris Mason ya fara a Oracle a 2007 ya shiga Linux a 2009, irin wannan tunanin ne.

Ko wane salo aka bi, raunin iri ɗaya ne, kuma misalin mai kanti ya riga ya nuna shi. Shafuka 10 da aka ajiye a gefe ba su da amfani sai da 990 ɗin da ke cikin littafin. In littafin ya ƙone, lissafin daren Alhamis ya tafi tare da shi. Hoton da ke zaune a rumbun da aka ɗauke shi yana maganin fayil da aka share bisa kuskure ko sabunta manhaja da ya lalace, kuma yana yi cikin mintuna. Mutuwar faifai, satar na'ura, gobara, ko wanda ya ƙwace ragamar sabar, duk sun fi ƙarfinsa.

Hoton da aka ɗauka ana tsakiyar aiki

Akwai wata matsala da ba ta bayyana sai ranar da aka buƙaci hoton. Saba ba ta rubuta komai a faifai nan take, tana riƙe wasu abubuwa a ƙwaƙwalwarta na ɗan lokaci. Hoton da aka ɗauka ba tare da an sanar da manhajoji ba daidai yake da abin da za a tarar a faifai idan an ɗauke wuta babu zato. Taskokin bayanai na kirki an gina su ne su jure wannan. PostgreSQL, alal misali, yana fara rubuta kowane sauyi a wata rajista kafin ya aiwatar, in ya tashi daga hoto sai ya bi rajistar ya ƙarasa abin da aka bari a rabi.

Sharaɗin shi ne rajistar da bayanan su shiga hoto a daƙiƙa guda. Cibiyoyi da yawa suna raba su a rumbuna biyu domin sauri. In aka ɗauki hoton wannan, bayan daƙiƙa uku aka ɗauki na wancan, za a iya samun taskar da ba za ta tashi ba, ko kuma, abin da ya fi ban tsoro, ta tashi da lissafin da bai daidaita ba. Shi ya sa ake dakatar da rubutu na ɗan lokaci kafin ɗauka. Linux yana da umarnin fsfreeze don haka. A Windows, VSS yana umartar manhajoji su tsaya cik, amma bai yarda tsayuwar ta wuce daƙiƙa 60 ba, ɗaukar hoton kanta kuma ba ta wuce daƙiƙa 10, in an zarce sai a soke aikin a sake.

Kwashe hoto zuwa saba ta biyu

Da zarar hoto ya samu, an sami abu tsayayye da za a iya kwafa a tsanake alhali aiki na ci gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe hoton a bi fayilolinsa da rsync, manhajar da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostireliya a 1996, wadda har yau ba ta tsufa ba. Sai dai rsync dole ya leƙa kowane fayil kafin ya san wanda ya sauya. Rumbu mai ƙananan fayiloli miliyan 50 zai ci sa'o'i ana leƙe ko da babu abin da ya motsa. Babban fayil guda kuma, irin na taskar bayanai, sai an karance shi kaf a ɓangarori biyu kafin a gano ɗan abin da ya bambanta.

ZFS ya warware wannan ta hanya mai ƙayatarwa. Taswirarsa reshe-reshe take kamar bishiya, kuma kowane tubali yana ɗauke da lambar zagayen rubutun da aka haife shi. Idan ana son bambancin hoton jiya da na yau, sai a sauko daga saman bishiyar, duk reshen da lambarsa ta girmi hoton jiya a tsallake shi da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Aikin ya danganta ne da yawan abin da ya sauya, girman rumbun bai shiga lissafi ba. Umarnin zfs send ke fitar da bambancin, zfs receive ya karɓa a saba ta biyu ya ɗora a kan abin da take da shi. Btrfs ya sami irin wannan a 2012, tsarin ajiya na Ceph ma yana da nasa, manhajoji irin su VMware da Proxmox kuma suna riƙe jerin tubalan da aka taɓa domin manufa guda.

Lissafi ya fi bayani nuna amfanin abin. Terabayit 1 a kan layi mai gudun megabit 100 a daƙiƙa yana ɗaukar kimanin sa'o'i 22, idan layin bai yi tangarɗa ba. In kashi 2 cikin 100 ne ke sauyawa a rana, gigabayit 20 ke nan, abin da layin zai kwashe cikin mintuna 27. Wanda ke kwafe komai kowane dare ba zai taɓa cimma kansa ba, mai aika bambanci kuwa yana iya yi kowace sa'a.

Igiyar tana da inda take tsinkewa. Aika bambanci yana buƙatar hoto guda da sabobin biyu suka yi tarayya a kansa. In shirin da ke share tsofaffin hotuna a saba ta farko ya goge wannan hoton a lokacin da layi ya yi kwanaki a katse, sai an koma farko an aika rumbun baki ɗaya. ZFS yana da hanyar ɗaure hoto don kada a goge shi, da wata alama mara nauyi da ke tsayawa a madadinsa a ɓangaren mai aikawa, kuma tun 2017 salonsa na Linux yana iya ci gaba daga inda aikawa ta katse. Ga wanda layinsa ba shi da tabbas, waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke raba aikin sa'a guda da na mako.

Sai kuma ɓarnar da ba ta da sauti. Wani bincike da Lakshmi Bairavasundaram da abokan aikinsa suka gabatar a 2008 ya bi fayafayai miliyan 1.53 na tsawon watanni 41, ya gano fiye da wurare 400,000 inda abin da aka karanto bai dace da hatimin tantancewarsa ba. Hoton LVM ba ya sanin tubali ya ruɓe, zai aika shi yadda yake, ruɓar ta shiga kowane kwafi. ZFS da Btrfs suna yi wa tubala hatimi, suna kuma iya bin rumbu lokaci-lokaci suna duba shi. Saba ta biyu ta fi kowa buƙatar wannan dubawa, domin bayananta sukan yi watanni ba wanda ya taɓa su.

Me ake nufi da saba ta dabam?

A nan ne haɗurran da aka yi nazari suka fi yin magana, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranar 27 ga Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya, da ta taso daga Yukren, ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Kamfanin yana da sabobi kusan 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da izininsu, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, har aka ɗauka cewa kowacce ko-ta-kwana ce ga sauran. Aka shafe su a tare. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a mujallar Wired a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Gana, saboda an ɗauke wuta a can kafin harin, sabar ta kasance a katse daga sauran. Layin intanet ɗin ofishin ba zai iya kwashe bayanan da wuri ba, ma'aikatan Gana kuma ba su da bizar Birtaniya, inda ake buƙatar bayanan, sai ɗaya daga cikinsu ya hau jirgi zuwa Nijeriya ya miƙa faifan ga wani ma'aikacin da ya wuce da shi Landan. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin ya faɗa a taron Davos a 2018 cewa sun sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kwafin da ke bin asali sau da ƙafa yana kwafar ɓarna da saurin da yake kwafar aiki. Abin da saba ta biyu ke buƙata shi ne tarihi, wato jerin hotuna na sa'o'i da kwanaki da watanni da za a iya komawa gare su.

Batun wuri ya fi sauƙin ganewa. Da tsakar daren 10 ga Maris 2021 wuta ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa, ta cinye ginin SBG2 ƙurmus, ta ci wani ɓangare na SBG1. Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta cewa shafukan intanet kusan miliyan 3.6 ne suka ɗauke. Wasu abokan hulɗa sun biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, suka wayi gari suka tarar ajiyar tasu tana wuri ɗaya da asalin. A 2023 kotun kasuwanci ta birnin Lille, a matakin farko na shari'a, ta ɗora wa kamfanin alhaki a ƙararrakin da kamfanoni biyu suka shigar kan haka. Saba ta dabam ce ƙwarai, amma wuta ɗaya ta ci su.

Bayan rabuwa ta lokaci da ta wuri, rabuwa ta uku, wadda a ganin wannan maƙala ita ce aka fi mantawa da ita, ta iko ce. A watan Yunin 2014 wani mai kutse ya shiga shafin sarrafa asusun Amazon na ƙaramin kamfanin Code Spaces, ya nemi a biya shi kuɗi. Da masu kamfanin suka yi ƙoƙarin sauya kalmomin sirri, ashe ya riga ya buɗe wa kansa wasu ƙofofin, sai ya hau share hotunan EBS da ma'ajin S3 da sauran kayan aiki. Bayanan suna kan na'urori daban-daban, wasu ma a wurare daban-daban, amma duk a ƙarƙashin asusu ɗaya. Cikin kimanin sa'o'i 12 aikin shekaru ya tafi, kamfanin ya sanar da rufewa. Shekaru 10 bayan haka, a Mayun 2024, wani kuskuren saiti a Google Cloud ya sa aka share rukunin sabobin UniSuper, asusun fanshon ma'aikatan jami'o'in Ostireliya mai mambobi fiye da rabin miliyan. An girka rukunin a yankuna biyu, sharewar ta bi duka biyun. Sanarwar haɗin gwiwa da kamfanonin suka fitar ta ce UniSuper yana da wata ajiyar a wurin wani kamfani na dabam, kuma ta taimaka wajen farfaɗowa, duk da haka sai da aka yi kusan mako biyu.

Masu garkuwa da bayanai sun fahimci wannan tun tuni. Manhajojinsu, har da WannaCry na 2017, kan nemi goge hotunan VSS na kwamfutar da suka kama, 'yan kutsen da ke aiki da hannu kuma kan fara lalubo sabar ajiya kafin su kulle komai.

Wannan ya kawo tambayar wa ke buɗe ƙofar wa. A tsarin tura, sabar aiki ce ke riƙe da makullin sabar ajiya, tana shiga tana zuba hotuna. Duk wanda ya ƙwace ta ya gaji makullin, kuma in makullin yana da izinin sharewa, magana ta ƙare. A tsarin jawo, sabar ajiya ce ke zuwa ta ɗauka ta koma, ba ta karɓar baƙo, sabar aiki ba ta ma san hanyar shiga gare ta ba, kuma ita kaɗai ke yanke shawarar wane tsohon hoto za a saki. Kayan aiki irin su syncoid da zrepl da btrbk duk suna iya aiki a wannan salo. Ba ya buƙatar ƙarin na'ura ko ƙarin kuɗi, tsari ne kawai, kuma abin takaici ne yadda ake yawan tsallake shi saboda tura ya fi sauƙin saitawa.

Jawo ma yana da sharaɗi: izinin da sabar ajiya ke da shi a kan sabar aiki ya tsaya ga ɗaukar hoto da karantawa. Jami'ar Kyoto ta Japan ta ɗanɗana kuɗar barin shirin ajiya da ikon sharewa. Tsakanin 14 da 16 ga Disambar 2021, an sabunta wani ɗan shirin umarni na kamfanin HPE alhali yana tsakiyar gudana. Aikinsa goge tsofaffin bayanan rajista ne, sai ya rikice ya faɗa wa fayilolin masu bincike. Terabayit 77 suka tafi, fayiloli kusan miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14, wasu kuma ba a sake ganinsu ba. Shirin da aka ɗora wa tsaro shi ne ya yi ɓarnar.

Akwai ƙarin matakai biyu da suka samu daga baya. Tun 2018 Amazon S3 yana iya kulle abin da aka ajiye ta yadda ko mai asusun ba zai goge shi ba sai wa'adi ya cika. Tun 2019 kuma ZFS a Linux yana iya aika hoto a kulle da sirri, saba ta biyu ta karɓa ta adana ba tare da ta iya karanta shi ba, abin da ya ba da damar ajiya a wurin wanda ba a gama amincewa da shi ba. Sai dai makullin sirrin kansa ya zama abin da dole a ajiye a wuri na uku, in ya ƙone tare da sabar aiki, hotunan sun zama shara. Sananniyar ƙa'idar nan ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata, ta ce kwafi uku, a nau'in ma'aji biyu, ɗaya a nesa. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ta ƙirga kwafi da wurare ta yi shiru a kan makullai, alhali Code Spaces ta nan ya mutu.

Ranar dawowa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'auni biyu ne ke bayyana a ranar: aikin sa'o'i nawa aka rasa, da kuma sa'o'i nawa za a yi kafin a koma bakin aiki. Tazarar da ke tsakanin hotuna ita ke ƙayyade na farko. Na biyun kuwa bai san da dabarar bambanci ba, domin mai dawowa rumbun gaba ɗaya yake buƙata. GitLab ya rasa aikin sa'o'i 6, amma kwashe taskar daga sabar gwaji zuwa sabar aiki ya ci kimanin sa'o'i 18, saboda fayafayan sabar gwajin masu arha ne marasa sauri. Dubban mutane suka riƙa kallon injiniyoyin kai tsaye a YouTube suna jiran kwafi ya ƙare.

Ga cibiyoyin Nijeriya da maƙwabtanta wannan lissafin ya fi tsanani. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda 4, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, gyara kuma ya ɗauki makonni. Wanda ajiyarsa kaf tana Turai, a irin wannan rana yana da ita amma hannunsa ba ya kai wa gare ta yadda yake so. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. A ɗaya gefen, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024 ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ta nuna cewa wata unguwa a gari ɗaya ba lalle ta zama nesa ba.

A ɗauki misalin kwaleji a Kano mai rumbun terabayit 4, da sabar ajiya a Kaduna, da layin megabit 50 a tsakaninsu. Bambancin kullum zai wuce cikin dare babu wahala. Dawo da rumbun duka ta wannan layin kuwa ya haura kwana 7. In aka juye shi a faifan hannu mai gudun megabayit 200 a daƙiƙa, sa'o'i 6 sun isa, mota ta kawo shi Kano a rabin yini, a sake juyewa, kafin washegari aiki ya tashi. Haka nan kwafin farko ya kamata a yi shi: a cika saba ta biyu tana kusa da ta farko, sannan a ɗauke ta a kai ta mazauninta. In kuma saba ta biyu tana da ƙarfin ɗaukar aiki, ZFS yana iya fitar da rumbu mai rai daga kowane hoto cikin daƙiƙoƙi, sai a gudanar da rajistar ɗalibai daga Kaduna kafin Kano ta farfaɗo.

Wannan damar ce ke sauƙaƙa gwaji. Sabar ajiya tana iya buɗe hoton jiya da kanta kowane mako, ta tayar da taskar a killace, ta ƙirga layukan wasu jadawali, ta rubuta minti nawa aikin ya ci. Ƙararrawar kuma a ɗaura ta a kan shiru: idan awa 24 ta wuce sabon hoto bai iso ba, a tashi mutum, maimakon a zauna jiran saƙon faɗuwa da mai yiwuwa ya ɓace a hanya kamar na GitLab. A rahoton da kamfanin ya wallafa ranar 10 ga Fabrairun 2017, ya tambayi kansa dalilin da ya sa ba a gwada hanyoyin ajiyar a kai a kai, ya amsa da cewa babu wanda aka ɗora wa alhakin. Cikin gyare-gyaren da ya lissafa akwai gwajin dawo da taskar ta atomatik, da ɗaukar hoton LVM kowace sa'a, da naɗa mutum guda da za a tambaya idan bayanai suka salwanta.